Kaurin zuciya: yadda tsawo da nauyin mace ke sauya sakamakon awo

Takardar takan iso ne ta WhatsApp. Ɗan da ke aiki a Abijan, ko ƴar da ke karatu a Faransa, su ne suka aiko da kuɗin da aka kai tsohuwa hoton zuciya a Yamai ko Damagaram, don haka su ake fara tura wa sakamako. Shafi ɗaya ne da Faransanci, cike da lambobi da gajerun haruffa. Ido yakan tsallake komai ya sauka ƙasa, inda likita ya rubuta hukuncinsa. In an ga "HVG" sai hankali ya tashi, domin ma'anarsa tsokar ɓangaren hagu na zuciya ta yi kauri. In an ga "normal" sai a yi hamdala a ajiye waya.

Can sama kuwa, kusa da suna da shekaru, akwai gurabe biyu da ba kowa ke kula da su ba: "taille" da "poids", wato tsawo da nauyi. Hukuncin da ke ƙasan takardar ya rataya ne a kan waɗannan lambobi biyu, da kuma ko an duba sakamakon da mizanin mata ko da na maza. Likitocin zuciya sun shafe shekaru sama da 30 suna muhawara kan hanyar da ta fi dacewa a daidaita girman zuciya da girman jikin mai ita, kuma mata ne suka fi fuskantar haɗarin a sallame su da cewa lafiya lau alhali cutar ta riga ta fara.

Mene ne kaurin zuciya?

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu. Ɗakin hagu na ƙasa shi ne mai aikin ƙarfi, domin shi ke tunkuɗa jini zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da ƙafafu da sauran jiki, kusan sau dubu 100 a kowace rana. Kamar kowace tsoka, in aka ɗora mata nauyin da ya wuce ƙima tsawon lokaci, sai ta ƙara kauri. Abin da ya fi jawo haka shi ne hawan jini da aka daɗe da shi ba a sani ba, ko an sani amma ba a shan magani yadda ya kamata. Ƙiba, ciwon sukari, ciwon ƙoda da tsukewar ƙofar da jini ke fita daga zuciya su ma suna haddasa shi.

Kaurin damtsen ɗan kokawa ƙarfi ne, amma na zuciyar mai hawan jini illa ne. Bangon da ya yi kauri yakan sandare, ba ya saki sosai tsakanin bugu da bugu, don haka ɗakin ba ya cika da jini cikin sauƙi. Sannan tsokar da ta ƙaru tana buƙatar ƙarin jini don ciyar da kanta, ƙananan jijiyoyinta kuma ba su ƙaru daidai da ita ba. Daga nan ne haki ke farawa in an hau bene ko an yi ƴar tafiya, sai kumburin ƙafa, sai rikicewar bugu, wanda kan iya haifar da gudan jinin da ke shanye ɓarin jiki. Kafin a kai nan, mutum na iya yin shekaru bai ji komai ba.

Likitoci sun raba girman zuciya gida biyu. Akwai wanda bango ke kauri ɗakin ya tsuke, wanda ya fi zuwa da hawan jini. Akwai kuma wanda ɗakin ke buɗewa ya yi faɗi, saboda jinin da ke shiga ya yi yawa ko tsokar ta yi rauni. A bakin jama'a dukansu "kumburin zuciya" ne, sai dai asalinsu da maganinsu ba ɗaya ba ne.

Yadda ake auna abin da ba a gani

Ba a iya ɗora zuciyar mai rai a sikeli, don haka lissafi ake yi. Hoton ƙirji, wanda aka fi sani da radiyo, inuwar zuciya kawai yake nunawa: in faɗinta ya wuce rabin faɗin ƙirji a ce ta girma. Zuciyar da bangonta ya yi kauri ta ciki tana iya fitowa daidai a radiyo. Awon ECG, wanda ake manna wayoyi a ƙirji da hannaye da ƙafafu, yana da araha, amma yakan tsallake masu cutar da yawa, musamman masu ƙiba, domin kitse na rage ƙarfin siginar da ke isowa fata. Shi ma yana da mizanin mata daban: a lissafin da ake kira na Cornell, iyakar namiji milimita 28 ce a kan takarda, ta mace 20.

Awon da aka fi dogara da shi shi ne eko na zuciya, irin na'urar da ake duba jariri a ciki. Mai awo yana ɗaukar abu uku a daidai lokacin da zuciya ta cika da jini: kaurin bangon tsakiya, kaurin bangon baya, da faɗin ɗakin. Na'ura ta haɗa su da lissafin da likitan Amurka Richard Devereux da abokan aikinsa suka fitar a 1986, bayan sun kwatanta awon eko na mutum sama da 50 da ainihin nauyin zuciyarsu da aka auna bayan rasuwa. Abin da ke fitowa shi ne nauyin tsokar ɗakin hagu da giram.

A ƙa'idar da ƙungiyoyin masu hoton zuciya na Amurka da Turai suka fitar tare a 2015, nauyin wannan tsoka ga mace mai lafiya yana tsakanin giram 67 da 162, ga namiji tsakanin 88 da 224. Sai dai tazarar ta yi faɗi, domin mutane ba girmansu ɗaya ba. Tiya biyu ta hatsi ta yi wa gidan mutum uku yawa, ta yi wa gidan mutum ashirin kaɗan. Shi ya sa ake raba nauyin tsokar da faɗin fatar jikin mutum, wanda ake lissafawa daga tsawonsa da nauyinsa. Wannan shi ne abin da takarda ke kira "masse VG indexée". Iyakarsa 95 ce ga mace, 115 ga namiji.

Zuciya ɗaya, mutum uku

Misali zai fi fito da matsalar fili. A ɗauka eko ya nuna bangon tsakiya milimita 11, bangon baya milimita 11, faɗin ɗaki milimita 46. Lissafin Devereux zai ba da giram 181.

In mai zuciyar namiji ne mai tsawon santimita 178 da nauyin kilo 75, faɗin fatarsa ya kai murabba'in mita 1.93. A raba 181 da shi, a samu 94. Yana ƙasa da 115 da tazara mai yawa, lafiyarsa lau.

In mace ce mai tsawon santimita 160 da nauyin kilo 65, faɗin fatarta murabba'in mita 1.70 ne, sakamakonta kusan 106. Ta wuce iyakar mata ta 95, zuciyarta ta yi kauri. Amma in wanda ya karanta takardar lamba ɗaya ya riƙe a kansa, ta 115, zai ce mata babu komai.

In kuma wata mace ce mai wannan tsawo na santimita 160 amma nauyinta kilo 95, faɗin fatarta ya haura murabba'in mita 2.05, sakamakonta ya sauko 88. An yi amfani da mizanin mata, an yi lissafi daidai, takarda ta ce "normal". Ga shi kuwa ita ce ta fi kowa cikin ukun haɗari, domin ƙiba kan zo tare da hawan jini da ciwon sukari. Kitsen da ke wahalar da zuciyarta shi ne ya shiga lissafi ya ɓoye wahalar.

Akwai kuma kuskuren hannu. Da yake lissafin yana ninka awon sau uku, ƙaramin kuskure yakan zama babba. In mai awo ya karanta bangayen nan biyu milimita 10 maimakon 11, nauyin tsokar ya faɗo daga giram 181 zuwa 159, mace ta biyu ta koma ƙasa da 95. Milimita ɗaya bai kai kaurin ƙwayar gero ba.

Daga ina lissafin faɗin fata ya fito?

Lissafin da na'urori da yawa ke amfani da shi har yau ya samo asali ne a 1916 a birnin New York, inda Delafield Du Bois da Eugene Du Bois suka lulluɓe jikin mutum tara da takarda, suka yanka ta suka auna faɗinta. Daga mutum taran nan aka fitar da ƙa'idar da ake ɗora wa duniya. A 1987 wani likita mai suna Mosteller ya kawo hanya mai sauƙi da ake iya yi a wayar hannu: a ninka tsawo da santimita sau nauyi da kilo, a raba da 3600, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. Duka biyun nauyi na cikinsu, kuma ba su bambanta kilo na tsoka da kilo na kitse ko na ruwa.

A nan mata suka bambanta da maza. Girman zuciya mai lafiya yana bin tsoka da ƙashi da gaɓoɓin ciki ne, wato sassan da suka fi cin jini. A nauyi ɗaya da tsawo ɗaya, jikin mace ya fi na namiji kitse, ya kuma gaza shi tsoka. Don haka kilo 80 na mace da kilo 80 na namiji ba zuciya iri ɗaya suke bukata ba.

A 1992 likitan Italiya Giovanni de Simone, tare da Devereux da wasu, suka ba da shawarar a cire nauyi daga lissafin, a yi amfani da tsawo kaɗai, tunda ƙiba ba ta sauya tsawo. Ana ɗaukar tsawon da mita a ninka shi da kansa. Lissafin fili sau biyu ake ninkawa, na rami sau uku, wannan kuma ya faɗa tsakani, 2.7, na'ura ce ke yin sa. Ƙa'idar hawan jini ta Turai ta 2018 ta sa iyakar wannan awo a 47 ga mace da 50 ga namiji, ta kuma nuna cewa lissafin faɗin fata ya fi dacewa da masu matsakaicin nauyi.

In aka koma kan mutum ukun nan da wannan mizani, namijin ya samu 38, har yanzu lafiya lau. Matan biyu, da yake tsawonsu ɗaya, kowacce ta samu 51. Dukansu sun wuce 47, har da mai kilo 95 da aka sallama da farko.

Wannan hanya ma ba ta tsira daga suka ba. Tana iya ɗora wa gajerun mutane cutar da ba su da ita, ta kuma ɓoye ta ga dogaye, kuma gajerun galibi mata ne. A 2010 Julio Chirinos da abokan aikinsa suka nuna cewa in an lissafa maza daban mata daban, lambar da ta fi dacewa ita ce 1.7. Wasu masana kuma na ganin babban jiki dole ya samu ɗan ƙarin zuciya, daidai ruwa daidai tsaki, don haka ba kowane ƙari ne cuta ba. Abin da ɓangarorin suka yarda da shi shi ne, ga mace mai ƙiba, sakamakon da aka raba da faɗin fata kaɗai bai isa a kwantar da hankali ba.

Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani ga mata

A 1990 masu binciken garin Framingham na Amurka suka wallafa abin da suka gani bayan bin mutum 3,220 masu shekara 40 zuwa sama tsawon shekara huɗu. Duk ƙarin giram 50 na tsokar zuciya a kan kowace mita ta tsawo ya ƙara haɗarin mutuwa da kusan rabi ga maza, ga mata kuwa ya ninka shi biyu. A 1995 wani bincike a asibitin Cook County na birnin Chicago, wanda aka yi kan baƙaƙen fata, ya sake nuna cewa kaurin zuciya ya fi rage wa mata kwana fiye da maza.

Albishir ɗin shi ne kaurin yana iya raguwa in an shawo kan hawan jini. Babban gwajin da ake kira LIFE, wanda aka yi da mutum 9,193 a arewacin Turai da Birtaniya da Amurka aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna maganin losartan ya fi atenolol rage kaurin. Sai dai da Eva Gerdts ta jami'ar Bergen a Norway da abokan aikinta suka duba sakamakon eko na mahalarta, sun tarar cewa bayan shekaru ana shan magani, mata sun fi maza zama da ragowar kaurin. Ke nan jinkirin gano shi ya fi yi wa mace tsada. Ciwon zuciyar da bugu ke da ƙarfi amma bango ya sandare shi ma ya fi yawa a tsakanin mata masu shekaru, kuma sau da yawa akan ɗauki hakinsu a matsayin tsufa ko nauyin jiki.

Milimita 15 ga kowa da kowa

Akwai wani kaurin zuciya na gado da ba ruwansa da hawan jini, wanda ke samun kusan mutum ɗaya cikin 500. Masu kallon ƙwallo ba su manta da Marc-Vivien Foé ba, ɗan wasan Kamaru da ya yanke jiki ya faɗi a filin Lyon ranar 26 ga Yuni 2003 ana wasa da Kolombiya, yana da shekara 28. Binciken gawarsa ya nuna irin wannan cuta.

Shekaru kusan 50 ke nan ana gano cutar da lamba ɗaya: in bango ya kai milimita 15, ko 13 ga wanda wani danginsa na jini ke da ita. Ba a duba mace ce ko namiji, dogo ne ko gajere. Alhali bangon mace mai lafiya ba ya wuce milimita 9, na namiji 10, kuma ƴar ƙaramar mace sai cutar ta yi nisa kafin bangonta ya kai 15. Shi ya sa a asibitocin da ke kula da wannan cuta maza suka fi yawa, matan kuma sukan zo da shekaru da alamu masu tsanani, duk da cewa ɗa da ƴa daidai suke gadonta.

A farkon 2025 Hunain Shiwani da abokan aikinsa a jami'ar UCL ta Landan suka auna zukatan mutum kusan dubu 5 masu lafiya da na'urar MRI, suka fitar da iyaka mai bin shekaru da jinsi da girman jiki, wadda ta kama daga milimita 10 zuwa 17. Da suka gwada tsohon mizanin a kan mutum dubu 43 a Birtaniya, kusan 9 cikin 10 na waɗanda ya kama maza ne. Da sabon mizanin, mata suka kai 44 cikin 100.

Ciki da jego

A ƙasar Hausa batun yana da wata fuska. Lokacin goyon ciki jinin mace na ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, zuciya ta ɗan girma don ɗaukar aikin, sannan ta koma yadda take cikin watanni bayan haihuwa. Ga wadda ta yi hawan jinin ciki ko jijjiga, komawar ba lallai ta cika ba, kuma haɗarin hawan jini da ciwon zuciya na bin ta har gaba. A Nijar, inda ƙididdigar 2012 ta nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, ta 2021 kuma 6.2, zuciyoyi da yawa na shiga sabon ciki tun ba su gama hutawa daga na baya ba.

Sai kuma ciwon zuciyar jego, wanda tsoka ke yin rauni a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. Wannan yanki na cikin wuraren da aka fi samun sa a duniya. A shekarun 1970, Neil Davidson da Eldryd Parry sun ba da rahoton cewa a Zariya yana samun kusan mai jego ɗaya cikin 100, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. A Yamai, likitan Faransa Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun gano a 1992 cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. A 2020 binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya tarar ciwon ya fi yawa a arewa maso yamma, kuma abubuwan da suka fi tafiya da shi su ne rama, rashin karatu, rashin aikin yi da hawan jinin ciki. Wankan jego bai fito cikinsu ba.

Rama ita ce inda girman jiki ya sake shigowa. Faɗin ɗakin hagu na mace mai lafiya yana kaiwa santimita 5.2. A ɗauki mai jego ƴar siririya, tsawo santimita 155, nauyi kilo 42, eko ya nuna santimita 5.0. A ido tana cikin iyaka. In aka raba da faɗin fatarta, murabba'in mita 1.34, sai a samu 3.7, alhali iyakar lafiya ba ta wuce 3.2. Ga jikinta, zuciyar ta buɗe. Haka nan in ƙafafu da ciki sun tara ruwa, sikeli zai nuna kilo da ba nata ba, lissafi ya sake sassauta abin da ke akwai. Shi ya sa a wannan ciwo likitoci suka fi dogara da ƙarfin bugu, wato kason jinin da ɗakin ke fitarwa a kowane bugu, wanda takarda ke kira "FEVG". In ya gaza 45 cikin 100 ga mai jego da ke haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, lamarin na gaggawa ne.

Ƙibar birni

A Maraɗi da Tawa da Yamai, kamar sauran biranen yankin, cikar jiki ga mace alama ce ta hutu da kulawar miji, kuma har yanzu ana sayar da ƙwayoyin sa ƙiba a kasuwa ba tare da takardar likita ba. Wasu daga cikinsu, irin su dexamethasone, suna tara ruwa da gishiri a jiki, su tayar da hawan jini da sukari. Ga zaman wuri ɗaya, ga lemon kwalba, ga miyar da aka zuba wa gishiri da dunƙule da kanwa a tukunya ɗaya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Waɗannan matan su ne ainihin rukunin da lissafin faɗin fata ya fi ruɗa.

Mizanin kansa ma ba a yankin aka yanka shi ba. Yawancin lambobin da ake kira na lafiya daga Turawan Amurka da Turai aka samo su. Binciken WASE da aka wallafa a 2019 ya auna mutum kusan 2,000 masu lafiya a ƙasashe 15 don gyara wannan giɓi, ya kuma tarar da bambanci tsakanin ƙasa da ƙasa. Najeriya ce kaɗai ƙasar Afirka a cikinsu.

Abin da ya kamata a duba a takardar

Wanda aka turo wa sakamako ba likita ba ne, kuma bai kamata ya sauya wa kowa magani ta waya ba. Amma akwai tambayoyin da yake da haƙƙin yi, ko ya sa wanda ya raka majiyyaciya ya yi.

Ta farko, an auna tsawo da nauyi a ranar, ko tambaya aka yi aka rubuta? Inda layi ya yi tsawo ko sikeli ba ya kusa, cikin sauƙi a rubuta abin da mutum ya faɗa, mutane da yawa kuwa ba su san tsawonsu ba. Ta biyu, in "masse VG indexée" ta faɗa tsakanin 95 da 115 ga mace kuma an rubuta "normal", a nemi bayani. Ta uku, in mai ƙiba ce, a tambaya ko an lissafa da tsawo. Ta huɗu, in mai jego ce ko ƴar siririya, a tambayi ƙarfin bugu da kuma ko faɗin ɗakin ya dace da jikinta. A ajiye kowace takarda, domin kwatanta ta bana da ta baɗi ya fi lamba ɗaya amfani, musamman in a wuri ɗaya aka yi awon.

In an tabbatar da kaurin, maganinsa na farko shi ne a saukar da hawan jini ƙasa da 140 bisa 90 a riƙe shi a nan, ko da mutum yana jin garau. Sai rage gishiri da kanwa, rage nauyi, tafiya a ƙasa, da barin ƙwayoyin ƙiba a hannun likita, domin dexamethasone da aka daɗe ana sha ba a yanke shi rana ɗaya. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita tun farko: losartan da captopril da enalapril, waɗanda ke cikin magungunan da suka fi rage kaurin zuciya, suna cutar da ɗan tayi, kuma akwai wasu da ake bayarwa a madadinsu, irin su methyldopa da nifedipine.

Eko da likitan zuciya a manyan asibitoci ake samunsu, kuma zuwa can na cin kuɗin mota da na awo da na masauki, sau da yawa daga aljihun wanda ke wata ƙasa. Sikeli da magwajin tsawo kuwa akwai su a cibiyoyin lafiya na unguwa, inda ake awon ciki. Matar nan mai kilo 95, in aka rubuta mata tsawon santimita 165 maimakon 160, saboda takalmi mai tsini ko ɗaurin ɗankwali ko ƙiyasin ido, sakamakonta zai sauko daga 51 zuwa 46.8, ƙasa da iyaka da ɗan kaɗan. Kafin ta hau gadon awo, a tabbatar ta cire takalmi ta jingina da bango, ta kuma hau sikeli.